Awa Biyu a Gindin Tsamiya

Tsiga, 16 ga Oktoba

Zuwa ga Yayan Awaisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Suwaiba da yara, da aikin Katsina. Mu nan sai godiyar Allah. Na rubuto ne ban kira ba, domin a waya kana da katse mutum.

Ƙaninka yana kwance a asibiti a Funtuwa. Ranar Talata da hantsi injin casar masara ya kama hannun rigarsa a gonarmu ta ƙetaren rafi, ya ja hannunsa har kafaɗa. An yanke abin da ya rage. Likita ya ce ba hannun ne abin tsoro ba, jinin da ya zuba ne. Har yanzu bai buɗe ido ba.

Ka san motar asibitin garin nan. Masara muka tara gida-gida, 'yan kasuwa suka cika, aka saye ta. Shekara shida Marcellinus yana tuƙa ta, babu gonar da bai san sunan mai ita ba. Sai ƙungiyar da kake wa aiki ta zo da taswira, kai ne a gaba, kuka ce sau huɗu kawai take fita a wata, tana cin mai da albashi a banza. Kuka tattara motocin ƙauyuka, rabi Funtuwa rabi Malumfashi, kuka sallami Marcellinus, kuka bar mana lambar waya. Da mata suka tsare ni a gidan suna, ni na tsaya maka. Na ce musu ɗana ya yi karatu, ba da ka yake aiki ba.

Lambar muka kira. Na Funtuwa suka tambayi inda gonar take, suka ce ƙetaren rafi ƙasar Kafur ce, shiyyar Malumfashi. Na Malumfashi suka tambayi garin majinyaci, muka ce Tsiga, suka ce ai na Funtuwa ne. Da suka gama shawara mota ta taso, baƙon direba ya wuce kwanar sau biyu. Mu tsamiyar Bature muka ce masa, kamar yadda kowa ke kiran wurin tun zamanin kakanka, shi kuwa babu tsamiya a taswirarsa. Awa biyu da minti goma. Na duba agogo.

Kada ka zo asibiti. Ka yi alwala ka roƙi Allah, idan akwai wurin wannan a tsarinku.

A gaida yara.

Mahaifiyarka,
Hajiya Zaituna Bature

Tsiga, 27 ga Oktoba

Zuwa ga Yayan Awaisu,

Assalamu alaikum. Da fatan ka isa lafiya. Ya ƙarin haƙuri? An ce ka yi kuka sosai a maƙabarta. Kwana uku ka yi a ƙofar gida kana karɓar gaisuwa, kuma ka san da gangan na ƙi fitowa.

Na karanta takardar da ka bar mini. Ka ce tun da aka haɗa motocin, jira ya ragu a shiyyoyin biyu baki ɗaya daga minti hamsin zuwa talatin, kuɗin da ake kashewa ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, an ceci mata masu naƙuda sittin da uku. Ban ce ƙarya kake yi ba. Ban taɓa yarda ka yi ƙarya ba ko kana ƙarami, dukan da ka sha a kai ma ka tuna shi.

Amma na yi sakandare a Malumfashi kafin a haife ka, na san yadda ake fitar da matsakaici. A ɗauki minti goma na matar wani mai shago a Funtuwa, a haɗa da awa biyu da minti goma na ƙaninka, a raba biyu. Kowa ya jira awa ɗaya da minti goma ke nan, kowa yana raye, kowa da hannunsa. Lissafin ya yi kyau. Allah ya ƙara basira.

Matarsa Sa'adiya tana takaba da cikin wata bakwai. Na aje takardar taka cikin adaka. Idan ta haihu, abin da ta haifa ya iya karatu, ni da hannuna zan ba shi, domin ya san a wane layi ubansa ya faɗo.

Ka daina turo Suwaiba da abinci. Ba yunwa muke ji ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajiya Zaituna Bature

Tsiga, 21 ga Nuwamba

Mahadi,

Assalamu alaikum. Ina fatan iyalinka suna lafiya.

Ka ga sunanka a sama. Shekara talatin da takwas ban kama shi ba, ko a baki ko a takarda, saboda kunyar ɗan fari. Yayan Awaisu nake ce maka. To babu Awaisu yanzu, kunyar kuma ta uwa ce ga ɗanta. Na duba zuciyata ban same ta ba.

Na ji ka je har tasha ka nemi Marcellinus. Abin da ya faɗa maka gaskiya ne, bai ƙara komai ba. Yana gonar ranar, da akori-kurar da yake dakon masara da ita tun da kuka sallame shi. Ya ɗaure kafaɗar da rigarsa, ya sauke buhuna, ya ce, "Mama, a sa shi a baya, minti arba'in muna Funtuwa." Ni na tsaya gaban motar. Na ce ba za a loda ɗana kamar buhu ba, yayansa ya faɗa a rediyo kada a ɗauki mai rauni a motar kaya, a jira masu horo da iskar numfashi. Ya durƙusa ya roƙe ni da Allah. Na ce masa haushin aikin da ya rasa yake ji. Awaisu yana jin mu. Ya ce, "Inna, ƙyale shi ya kai ni." Na ce ya yi shiru, motar yayansa tana hanya.

Ka rubuto kana cewa kada in ɗora wa kaina, ka yafe mini. Wa ya nemi yafiyarka? Ni na san abin da zan amsa gaban Allah, kuma ba zan yi gardama ba. Amma duk garin nan mutum ɗaya ce ta gaskata ka har ƙarshe, kuma ka ga abin da ta saya da shi. Wanda bai san inda rafi ya raba gonar ubansa ba, bai kamata ya ja layi a kan rayukan mutane ba.

Kullum da hantsi ina zuwa gindin tsamiyar in zauna, agogo a hannu. Ba na tashi sai lokacin nan, awa biyu da minti goma, ya cika. Yana da tsawo, Mahadi. Ba ka san tsawonsa ba.

Ka tambaya ko za ka iya zuwa addu'ar arba'in. Ka zo. Amma kada motarka ta shigo gari. Ka tsallake rafi, ka zauna a ƙasa inda jinin ya bushe, ka yi awa biyu da minti goma, babu ruwa babu takarda. Idan ya cika ka kira lambata. Zan tambaye ka ɗan wane gida ne kai, sannan in duba ko ka faɗo shiyyata.

Wassalam.

Mahaifiyar Awaisu,
Hajiya Zaituna Bature