Kuncin Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Autana da na bar miki.

Mun sami gado a asibiti. Likita ya duba fuskar 'yata Lele, ya ce ranar Alhamis za su yi aikin. Za su ɗebi fata a jikinta su rufe ramin kuncin, su saki muƙamuƙin da ya kulle shekara huɗu. Dole ina nan, domin ni zan dangwala yatsa a takardar. Duk gadon da ka duba a ɗakin nan yaro ne da irin ciwonta. Jiya Lele ta cire gyalen da take rufe fuska da shi da kanta.

Tsoro nake ji, Yaya. Ki aiko amsa ta hannun direba.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na ga saƙonki. Ke dai tun kina ƙarama inuwarki ma tsoro take ba ki. Allah zai sa a yi aiki lafiya.

Autanki ya warke daga ƙyanda, sai rigima. Ya ƙi abinci, yawu ya jiƙe masa riga, bakin nan wari kamar me. Dasashin yana ɗan jini, haƙori ne zai fito. Na dai ajiye shi a ɗaki, kin san bakin maƙwabta, kada a ce ciwon gidanku ya dawo.

Ki gaida Lele.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. 

Ba haƙori ba ne. Haka na Lele ya fara: ƙyanda, wari, jini a dasashi. Ni ma ɗaki na ɓoye ta saboda bakin mutane. Kwana goma kuncin ya yi baƙi ya zube.

Na karanta wa ma'aikaciyar jinya wasiƙarki. Ta ce idan an kama shi da wuri, magani da wanke baki da abinci mai kyau sun isa. Ta tambaye ni yaushe kika rubuta. Kwana uku ta yi a aljihun direba, Yaya.

Na ɗaure kayana zan taho, sai Lele ta riƙe min zane. Gobe ne aikinta. Idan na tafi ba za a yi ba, likitocin kuma baƙi ne, ba za su dawo ba sai baɗi.

Ki ɗauke shi yanzu ki kai shi asibitin da ya fi kusa. Ki bi ta tsakiyar layi, kowa ya gani. Ki duba kuncin da rana, ki gaya min launinsa. Kada ki lallashe ni.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Ki yafe min. Na kai shi ko mayafi ban tsaya ɗauka ba. An fara masa allura.

Kuncin hagu ya kumbura, ya yi tauri. Sun ce jibi za a sani. Ina zaune kusa da taga da shi a cinyata, ina dubawa.

Har yanzu bai yi baƙi ba.

Yayarki