Yau Kifayen Kwamfuta Sun Ƙi Fitowa

Daren Talata, Yelwa

Ya Ubangiji, ka yafe min da na kawo maka ƙaramin al'amari irin wannan, amma ya hana ni barci.

Kwamfutar ofis, in na bar ta minti biyar, hoton kifaye yakan fito ya rufe abin da nake bugawa. Da su nake dogara in tafi sallah. Yau na bar takardar sallamar Malam Garba direba a buɗe, na tafi azahar. Na dawo babu kifi ko ɗaya, ga shi tsaye yana karantawa. Ya ce, "Hajiya, ashe ke aka ba wuƙar?"

Na rage lokacin fitowar kifayen zuwa minti ɗaya, na naɗe hannu ina jira, shiru. Na kashe na kunna, shiru. Sai dab da tashi na ga carbina rataye a wayar linzamin kwamfutar, fanka tana kaɗa shi, linzamin yana motsi, su kuwa kifayen ba sa fitowa muddin yana motsi. Ni na rataye shi, don kada in shiga bayi da shi.

Gobe Sakatare, shugabanmu a ofis, zai tambayi wanda ya fasa zancen, ni kuwa ban iya ƙarya ba. Me zan ce masa? Ya Allah, ka amsa min kafin gari ya waye.