Filas ɗin Baba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ciwon ƙafar, yaya su ƙanena Anselmo? Na iso Grenoble lafiya, ina cin abinci, kada ki damu.

Kin tuna ƙwayar furotin ɗin nan mai kama da gishiri, wadda muka yi wata tara muna reno a can gida Rosario don a haska ta da hasken nutiron a ɗakin binciken nan, a ga tsarinta? Ba ta son zafi ko sanyi, shi ya sa na saka 'yar kwalbarta cikin filas ɗin marigayi Baba, na rungumo shi har Faransa.

A tashar jirgin ƙasa na gaji liƙis, na ji marmarin shayinmu na mate. Sai na miƙa wa mai shayi filas ɗin, kamar kullum. Ya cika shi da ruwan zafi, har godiya na yi masa. Kafin in tuna kwalbar na ciki, ƙwayar ta narke.

Jiya shugaban bincikenmu, Farfesa Ovidio, ya kira yana dariya: "Griselda, yaya jaririyarmu?" Na ce tana hutawa.

Gobe zan faɗa masa gaskiya, ki sa ni a addu'a. Ganyen mate da kika ce za ki aiko, ki bar shi tukuna.

'Yarki,
Griselda