Ki ninka da dubu

Shafa'atu,

Motar Jega ba ta jira, na tafi kin koma barci.

Jiya ke ce da gaskiya, a banza na yi miki tsawa. Ina ɗora jarka a bakin rijiya na tuna: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita dubu kuma ke cika mita kubik. Don haka giram ɗaya a santimita kubik shi ne kilo dubu a mita kubik. Ninkawa ake yi, ba rabawa ba. Ki gyara kafin ki shiga jarrabawar yau.

Ki yi haƙuri, ƙanwata. Amma kada Kawu Gambo ya ji. Tun da na shiga makaranta yake jiran in yi kuskure, ban jure gorinsa don in ba shi wannan ba.

Yayarki,
Mufida