Mako Biyun da Ka Roƙe Ni

Zuwa ga Malam Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko direban Gummi da ke kai mana saƙo bai san hanyar inda kake ba. Zan dai rubuta, in ninke, in sa a aljihu.

Yau wata bakwai ke nan. Asibitinmu yana nan yadda ka bar shi, sai dai ni ke kan kujerarka. Firjin rigakafi mai kananzir ya sake lalacewa. Innarka ta koma Adabka wurin ƙanenka. Mutanen Tungar Guru har gobe idan sun zo kai suke tambaya, sai in ce ka rasu, in ci gaba da rubuta magani. Ban yi kuka ba, Malam. Ranar jana'izarka ma daga maƙabarta na wuce na buɗe ɗakin magani. Ina ta jiran kukan, har yau bai zo ba.

Ka tuna zaman Alhamis? Kai ka ƙirƙiro shi: tabarma a gindin darbejiya bayan la'asar, kowa ya faɗi abin da ya ishe shi a aiki. Duk wanda ya ce ya gaji, sai ka karɓi aikinsa. Mu shida muna sauke kaya, kai kaɗai kana ɗauka. Ko sau ɗaya ba wanda ya waiwayo ya tambaye ka naka. Mun ɗauka shugaba ba ya gajiya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ka roƙe ni in riƙe asibiti mako biyu ka je ka huta, ka ce kanka yana sara maka. Na ce ka bari in gama yankan shinkafata a fadama. Ka yi dariya ka ce ba komai. Kwana tara bayan nan hawan jini ya kayar da kai a bakin ɗakin haihuwa. Buhunan shinkafar suna nan a ɗaka, ban kwance ko ɗaya ba. Me ya sa ba ka matsa mini ba? Kai da kake gaba da ni, me ya hana ka ba ni umarni?

Da na hau kujerar, sai na soke zaman Alhamis, na riƙe duk makullai, na koma yi wa mutane tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Makon jiya Sista Rahila, ungozomar nan 'yar Zuru, ta tsare ni ta gwada hawan jinina. Ba ta gaya mini adadin ba, ta sake gwadawa a ɗaya hannun.

Na dawo da tabarmar. Amma yanzu idan wani ya gaji, raba aikinsa muke yi tsakaninmu, kuma an rubuta hutun kowa a bango, har da nawa. Jiya na roƙi Rahila ta riƙe asibiti mako biyu. Ita ma ga goyo, ga noman gyaɗa a gabanta. Kafin in rufe baki ta ce to, ta miƙo hannu na ba ta makullai.

Ashe iyakar abin ke nan, Malam. Na daɗe tsaye a wurin ina kallon tafin hannuna.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Sai na iso.

Mataimakinka,
Sahabi