Sandar oba-oba ta ƙona ni

Barikin soja, Makurɗi
Nuwamba, 1968

Zuwa ga jikana kuma angona Enoch, marowacin Dayi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya uwarka Rahab da ciwon ƙafa? An fara yankan dawa?

Mu lafiya lau, matar baffanka mai jego da jaririya duka. Kada ka yi wa rubutuna dariya, ƙuna ce a yatsa. Baffanka Istifanus ya shigo da akwatin maganar soja, oba-oba, mai doguwar sandar ƙarfe. Ni kuwa na ga wurin shanya, na kama zan rataya zanen goyo yana cikin magana. Sai na ji kamar harbin rina! Ya ce, "Inna, ba a taɓa sandar nan in ana magana. Ko ni ba na kai ta kusa da fuska." Na ce mu dai a Dayi kara ba ya cizo.

Ƙunar ba komai ba ce, barci ne ya ƙi. Ran Litinin za a tura su bakin daga, shi ne mai goya akwatin. Matan bariki sun ce sandar abokan gaba ke fara hangowa. Ban tambaye shi ba.

Saboda haka ba zan dawo cirar auduga ba, matarsa ba ta da kowa a nan. Ku cire mini tawa kafin awaki su riga ku. A gaya wa fasto ya ambaci sunan Istifanus ran Lahadi.

Na ce masa ya riƙa sunkuyawa, ya yi dariya. Ga shi ya ɗauko tsawon ubansa.

Allah ya yi muku albarka.

Amaryarka da ta gaji,
Matta