Kakar da Gene Ya Yi a Gareji

Lahadi, 7 ga Satumba

An fara kakar wasa, kuma an fara yadda aka saba, wato an lallasa mu. Fiye da shekara arba'in ina bin Masunta, ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka, har yau ban yi hankali ba. Tun da sassafe na fito da koriyar rigata, na soya fikafikan kaza, na share falo kamar bishop zai zo. Renee 'yata ta zo da mijinta Curtis. Dolores maƙwabciya ta shigo da biskit ɗinta mai ƙarfin dutse da bakinta.

Sabuwar talabijin dai ta yi kyau, ta cinye bango guda. Don mijina Gene muka saye ta. Likitan ido ya gaya mana watan jiya cewa tsakiyar ganinsa ce ke tafiya, kuma ba ta dawowa. Bana zai iya kallo in ya matso kusa, baɗi kuwa likita bai yi alkawari ba. Gene ya ce, "Likita, da ka ga yadda yaran nan ke wasa, da ka san gata ake shirin yi min." Likitan ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Mun ci! Wannan kam sai na rubuta.

Ana kashi na uku, suna gabanmu da maki goma, babban mai jefa mana ƙwallo ya faɗi ya riƙe gwiwa. Gene ya miƙe ya ce shi ba zai zauna kallon jana'iza ba, bari ya je gareji ya ɗauko lemo a tsohon firij. Fitarsa ke da wuya koci ya sako wani yaro daga benci, wai shi Pettaway, wanda ko lambar rigarsa ban sani ba. Jifa ɗaya yaron ya yi. Ƙwallo ta yi ta tafiya kamar ba za ta sauko ba, sai ga ta a hannun namu bayan layin ƙarshe. Maki shida. Curtis ya taka farantin kaza.

Sai ga Gene a ƙofar kicin da lemo a hannu yana tambayar me ya faru. Mu huɗu baki ɗaya muka ce, "Koma!"

Bai yi musu ba. Ai shi ya koya min dokar tun muna saurayi da budurwa: inda mutum yake lokacin da sa'a ta zo, nan zai zauna. Shi ne fa ya taɓa barin ƙanensa a banɗaki rabin wasa. Ya koma ya kunna tsohuwar rediyonsa, mu kuma muka cinye wasan.

Lahadi, 28 ga Satumba

Uku a jere. Na kafa tsari, kuma duk wanda ya taɓa shi zai gamu da ni. Ni a hagun doguwar kujera, riga ba wanki. Renee a ƙasa. Curtis a tsaye bakin taga. Dolores da biskit ɗin, ko ba mai ci. Gene a gareji.

Abin dariyar, rediyo tana riga talabijin da ɗan lokaci. Gene na jin mun ci sai ya danna hon ɗin mota. Mu muna falo, ƙwallo ba ta ma bar hannun Pettaway ba, sai mu ji "fiiim" ta bango, mu fara tsalle tun ba mu gani ba. Dolores ta ce, "Loretta, mijinki ya zama boka."

Mako mai zuwa zai shigo. Da zarar mun faɗi wasa ɗaya, an gama.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na ce wa Gene ya zo in sa masa maimaicin wasan Lahadi. Ya ce wasan da aka san ƙarshensa kofin jiya ne, shi ba ya sha. Taurin kai!

Lahadi, 19 ga Oktoba

Shida a jere. Shida! Rabon Masunta da haka tun Renee na goye.

Labari ya zaga unguwa, kuma na san bakin da ya zaga da shi. Bayan an tashi daga coci Fada ya riƙe hannun Gene a ƙofa ya ce, "Ba na koyar da camfi, Gene, amma ina fata garejin nan yana da ɗumi." Mai naman kan kwana ya ƙara masa tsoka guda kyauta, wai ta ɗan gareji ce. Gene sai wani buɗe kafaɗa yake, shekara talatin yana aikin famfo ba wanda ya taɓa gaishe shi haka.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Mun faɗi. Kuma kowa ya san dalili.

Sanyi ya sauko, Gene ya sha kofi da yawa, ana kashi na huɗu ya lallaɓo ta kicin zai shiga banɗaki. Ko falon bai leƙo ba. Ƙafarsa na taɓa tayil aka fizge ƙwallo daga hannun Pettaway, suka ruga da ita har gida. Dolores ta juya ta gan shi ta ce, "Kai kuma wa ya sake ka?"

Na tuna na ce in mun faɗi zai shigo. To amma wannan ai ba faɗuwa ba ce, shaida ce. Ban yi masa magana ba har muka ci abinci.

Talata, 11 ga Nuwamba

Curtis ya kawo hita da bokiti mai murfi. Yaron nan yana da hankali, na yi dacen suruki.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Ranar Godiya. Talotalo ya gasu yadda nake so. Gene ya ce shi zai yanka kamar kullum, ya yanka, sai dai da ya zo zuba romo a farantinsa, kan tebur ya zuba. Ya yi ta zubawa bai sani ba. Curtis ya yi maza ya ɗora tsumma, aka ci gaba da hira.

Renee ta same ni a kicin. "Mama, kin lura yadda Baba ke juya kai in zai kalle ki? Da gefen ido yake gani yanzu. Talabijin ɗin nan fa dominsa kuka saya, wasa ɗaya da rabi ya kalla a cikinta."

Na ce da kansa yake tafiya garejin, ba wanda ya ɗaure shi. Ta ce, "Ke kike miƙa masa bargo." Na ce ta ɗauki kwanon dankali ta fita.

Ba na son yarinyar nan in tana da gaskiya. Ubanta ta biyo.

Lahadi, 21 ga Disamba

Mu ne kan gaba a rukuninmu! Ƙanƙara ta rufe filin har ba a ganin layi, Pettaway yana gudu a ciki kamar a nan aka haife shi, alhali an ce ɗan kudu ne. Hon ɗin Gene ya yi ta kuka har karen Dolores ya shige ƙarƙashin gado. Da aka tashi duk layinmu suka fito waje ba riga mai kauri, ana rungume-rungume. Mutumin da muka yi shekara ba ma gaisawa saboda shinge, yau ya sumbace ni a goshi.

Gene ya fito daga gareji da bargo a kafaɗa, mutane suka yi masa tafi. Na ji daɗi har na ji kunya.

Lahadi, 11 ga Janairu

An shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, kuma mun wuce. Muryata ta dishe. Ba zan iya rubutu ba.

Lahadi, 18 ga Janairu

Mun sake wucewa! Batir ɗin mota ya mutu saboda hon, Gene ya koma dukan bango da sifana. Saura wasa ɗaya mu je babban wasan ƙarshe. Babana ya mutu yana jiran wannan. Baban Gene ma haka.

Asabar, 24 ga Janairu

Na kai wa Gene kofi gareji da rana, yana gwada sabon batir. Ya miƙo hannu, ya kama iska a gefen kofin. Na sa masa a hannu.

Can ya ce, "Wai yaron nan, Pettaway, yaya kamanninsa?"

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Ashe tun da aka sako yaron, Gene na gareji. Hoton jarida ya daina gani tun kaka. Wata huɗu yana danna wa mutum hon bai taɓa ganinsa ba. Na fara bayani na rasa ta inda zan kama, na ce yana da sauri. Ya ce ai wannan mai rediyo ya gaya masa.

Na ce, "Gobe ka shigo falo." Ni da bakina.

Ya ce, "Tsohuwa, kina so a rubuta a kabarina cewa ga wanda ya kashe Masunta? Bari sai baɗi."

Mu biyun mun san abin da likita ya ce game da baɗi. Ya shanye kofinsa.

Lahadi, 25 ga Janairu

Zan rubuta yadda aka yi, don nan gaba Dolores za ta ƙara gishiri.

Aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da maki goma sha ɗaya. Gida kamar zai tashi sama. Kowa a wurinsa, ba mai motsi, Curtis ko ruwa ya ƙi sha. Sai aka nuna Pettaway yana tafiya ɗakin canza kaya, ya cire hular ƙarfe, yana dariya da wushiryarsa. Ta bango kuma ina jin Gene yana tari.

Na tashi daga hagun kujera.

Dolores ta ce, "Loretta, zauna." Na ce wa Curtis ya kama ɗaya gefen talabijin. Ya kalli matarsa, Renee tuni ta cire waya daga bango. Dolores ta tare ƙofar kicin da farantin biskit. "Kin haukace? Ke kika kafa dokar. Ba a taɓa komai." Na ce doka ta ce Gene ya zauna a gareji, kuma yana gareji. Ta ce, "Ke da kujerar fa?" Na ce ta matsa ko in bi ta kanta.

Muka kai ta gareji, muka ɗora ta kan teburin aikin Gene, tsakanin gwangwanin fenti. Gene ya miƙe yana faɗa, wai mu mayar, wai za mu ja masa jifa. Na ce ya yi shiru ya zauna. Hoto na fitowa faɗan ya tsaya. Ya jawo kujerarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkata kai gefe. Ya laluba ya kashe rediyo da kansa.

A kashi na uku Pettaway ya rasa wanda zai jefa wa, sai ya rungume ƙwallo ya zura. Ya kauce wa na farko, ya bi ta ƙarƙashin hannun na biyu, ya tsallake na uku. Gene yana bin sa da kai daga wannan gefen gilashi zuwa wancan, yana ta "Je ka, ɗana, je ka," har yaron ya faɗa bayan layi. Ba hon, ba sifana. Hannuna ya kama, har yanzu yatsuna na ciwo.

Daga nan komai ya lalace. Suka ci, suka sake ci, suka ƙara ci, suka wuce mu da maki biyu. Saura daƙiƙu, mai bugunmu ya fito. In ta shiga tsakanin sanduna mun tafi. Ta tashi da kyau, ta yi ta tafiya, ta daki sandar hagu, ta dawo. Har ƙarar na ji.

Dolores ta ajiye farantin a kan firij ta fita ba sallama. Curtis ya zauna kan bokitin, Allah ya sa da murfi. Renee na kuka. Duk layinmu tsit.

Gene bai ɗaga kai daga gilashin ba. Ana nuna yaran suna fita, ya sa yatsa a kan ɗaya ya ce, "Wannan ne?" Na ce shi ne. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe ɗan guntu ne. Duk kakar nan na ɗauka dogo ne."

Litinin, 26 ga Janairu

Mai nama ya auna min daidai, ko ɗigo bai ƙara ba. Labari ya iso shi.

Lahadi, 8 ga Fabrairu

Yau wasu ke buga wasan ƙarshe. Ba ruwana da su.

Kakar wasa ce dai mai kyau, duk wanda ya ce ba haka ba ƙarya yake. Na wanke koriyar rigar, ruwan da ya fita ba ya faɗuwa. Dolores ta fara amsa gaisuwa da kai, zuwa bikin Ista za ta buɗe baki. Tana gaya wa mutane ni na daki sandar nan. Wataƙila ni ce. Na juya abin a raina ina jiran in ji zafinsa yadda na saba ji kowace shekara, bai zo ba.

Talabijin tana gareji har yanzu. Nauyi gare ta, kuma Curtis yana fama da baya. Na kai kujerar roba ɗaya na ajiye kusa da ta Gene, don falon ya cika zafi kwanan nan.

Ɗazu muka kunna wasan mutanen, na kashe sautin, na gwada faɗa masa abin da ke faruwa. Wai ina da sauri, kuma ina zagin alƙali maimakon in faɗi inda ƙwallo take. Ya ce mai rediyo ya fi ni sau goma. Na ce mai rediyo ba zai gaya masa wane ne guntu ba.

Akwai lokaci kafin Satumba. Zan iya.